Akori-kurar Alhaji: nazarin gyaran wayar distiributa da ya ci wata biyu

Da igiya aka jawo ta zuwa garejinmu a Agege, wata ranar Talata cikin watan Yuni, ruwan safe bai daɗe da ɗaukewa ba. Peugeot 404 ce, akori-kura, ƙirar ƙarshen shekarun 1970, irin wadda duk wanda ya tashi a Arewa ya taɓa hawa bayanta ranar kasuwa. Tun 1960 aka fara ƙera 404 a Faransa, kuma da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, fijo ta zama motar gida a ƙasar nan. Yau a Legas sai ka yi mako ba ka ga irinta a titi ba. Mai wannan dattijo ne ɗan kasuwar albasa, ya fi shekara 30 yana ɗaukar kaya da ita daga kasuwar Mile 12 zuwa Agege, ta Ketu da Ojota da Ogba. Yana da wata motar, amma wannan ita ce ta farko da ya saya da guminsa, kuma bai taɓa yarda a yi maganar sayar da ita a gabansa ba.

Ni aikina riwaya ne, wato wutar mota. Na ga ya dace in rubuta yadda aikin ya gudana dalla-dalla, domin masu irin waɗannan tsofaffin motoci da kuma yaran da ke koyon sana'a yanzu, waɗanda yawancinsu sun buɗi ido ne a kan motocin da ake jona wa kwamfuta, ba su taɓa saita kwantak, wato ɗan bakin ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya sami tartsatsi, da hannunsu ba.

Kafin in taɓa ko da sufana, na zaunar da direban a kan benci na ce ya ba ni labari tun daga farko. Ya ce: "Oga, ba ta tari, ba ta shessheƙa. Kana cikin tafiya sai ka ji tsit, kamar wani ya murɗe makulli. Wani lokaci kafin ka gangara gefe sai ta dawo da kanta, ta yi harbi ta salansa kamar bindiga. Wani lokaci kuma sai na buɗe bonet na fasa fiya-wata biyu a kan kwayil, na jira minti goma, sannan ta tashi." Na tambaye shi a ina ta fi yi. Ya ce idan ya faɗa rami, ko yana tashi da kaya a giya ɗaya, ko kuma bayan an daɗe a gosulo.

A cikin wannan maganar akwai rabin amsar, da an saurare shi tun wata biyu da suka wuce. Motar da mai ya yanke mata ba ta mutuwa lokaci guda. Akwai ragowar fetur a cikin kafireta, don haka sai ta fara rage ƙarfi, ta yi fizga, ka taka totur ta ƙi amsawa, sannan ta mutu. Wadda wuta ta yanke mata kuwa nan take take ɗaukewa. Harbin salansa ma shaida ne: lokacin da wuta ta ɗauke inji yana ci gaba da juyawa da ƙarfin tafiya, yana zuƙar fetur yana turawa cikin salansa bai ƙone ba, da wutar ta dawo sai ya kama gaba ɗaya.

Hannu uku motar ta bi kafin ta zo gare ni. Bakaniken farko ya ce damina ce, ruwa ya shiga tanki. Zato ne mai kyau a Legas a watan Mayu, ban ga laifinsa ba a kan zaton. Ya sauke tanki ya wanke, ya wanke kafireta, ya canja famfon mai. Kwana huɗu ta yi lafiya, ta koma gidan jiya. Na biyu ya ji labarin fiya-wata, ya ce ai magana ta ƙare, kwayil, wato abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi, shi ne yake zafi. Ya sa sabon kwayil, ya haɗa da sabon kwantak da kwandansa. Daga nan abin ya ƙaru: mutuwar ba ta daina ba, ga wahalar tashi da safe, kuma cikin mako biyu sabon kwantak ya ƙone. Na uku a bakin titi aka same shi, kusa da Ojota, ranar da ta mutu da buhunan albasa a baya, masu jan mota suna zagaye. Ya ce wayoyin fulogi ne suka jiƙe. Ya cire duka huɗun lokaci guda tare da hular distiributa, wato abin da ke raba wa fulogi wuta, ya sa sababbi, daga nan motar ba ta sake tashi ba. Sai an buga kik ta yi fus ta kafireta. Aka sauke albasa zuwa wata motar, aka ɗaura mata igiya.

Saboda haka abin da ke gabana ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai ciwon asali, akwai kuma waɗanda magani ya haifar, kuma dole a kwashe na sama kafin a ga na ƙasa.

Ga yadda wutar irin wannan motar take tafiya, don mai karatu ya bi ni. Batir volt 12 ne, ƙafarsa ta nagatif tana ɗaure a jikin ƙarfen mota, don haka duk ƙarfen inji hanya ce ta komawar wuta. Idan ka murɗa makulli, wuta tana zuwa ƙafa ɗaya ta kwayil, ta bi naɗin waya mai kauri da ke cikinsa, ta fito ta ɗaya ƙafar, ta bi wata siririyar waya zuwa gefen distiributa. Can akwai ƙusa mai noti da ta huda jikin distiributa, ta kai wutar ciki zuwa ga kwantak. Kwantak baki biyu ne na ƙarfe, ɗaya a tsaye yana haɗe da jikin ƙarfe, ɗaya yana motsi. Idan bakin yana rufe, wuta tana wucewa, kwayil yana tara maganaɗisu. Sandar tsakiyar distiributa tana da kusurwa huɗu, tana juyawa da rabin gudun inji, kowace kusurwa ta zo sai ta ture bakin ya buɗe. A daidai buɗewar nan maganaɗisun yake rushewa, naɗi na biyu mai siririyar waya ya haifar da wuta mai dubban volt, ta fita ta babbar wayar tsakiya zuwa hula, rota, wato ɗan hannun da ke juyawa a ƙarƙashin hular, ya miƙa ta ga fulogin da lokacinsa ya yi. Kwandansa kuma aikinsa shanye tartsatsin da zai so tsallaka bakin kwantak, don yankewar ta zama tsaf. Inji mai silinda huɗu yana buƙatar tartsatsi biyu a kowane juyi, don haka idan yana juyi 3,000 a minti, kwantak yana buɗewa sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Duk wannan aikin a kan siririyar wayar nan yake rataye, wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba.

Na fara da aikin bakanike na uku. Injin 404, mai cc 1,618, tsarin harbinsa 1-3-4-2 ne, kamar yawancin injuna masu silinda huɗu. Mutumin ya san wannan, kuma ya jera wayoyin a tsarin daidai. Inda aka samu saɓani shi ne wajen ƙirga. Motocin Japan da ya saba da su, silinda ta ɗaya tana gaba, wajen lagireto. Tsofaffin Peugeot kuwa daga baya ake fara ƙirga musu, ta ɗaya ita ce ta kusa da giyabos. Ya ga alamar da wani ya karta a jikin distiributa mai nuna gurbin lamba ɗaya, ya ja wayar ya kai ta gaba. Silinda ta ɗaya da ta huɗu tare fistin ɗinsu yake hawa, amma lokacin da ɗaya take matse fetur tana jiran wuta, ɗayar hayaƙi take gama fitarwa. Sai ya zama kowane tartsatsi yana isa ɗakin da babu abin ƙonawa, bawul ɗin shigar mai ya fara buɗewa, shi ne fus ɗin da ake ji ta kafireta.

Ban dogara da alamar kowa ba. Na cire fulogin baya. Fulogin 404 a can cikin rami mai zurfi suke, yatsa ba ya kaiwa, sai na cusa guntun tiyo a ramin, na sa yarona ya juya inji a hankali da hannu, ni kuma na ɗora babban yatsa a bakin tiyon. Da na ji iska tana turo yatsana, na san wannan silindar ce ke matsewa. Muka kai fistin sama, na duba inda rota ya nuna, nan na dasa wayar lamba ɗaya. Na sa ya ƙara juyawa don in ga ɓangaren da rota yake bi da idona, na jera sauran ta wannan ɓangaren: uku, huɗu, biyu. Yaron ya ce, "Oga, shi ke nan?" Na ce masa yanzu dai mun dawo inda motar take kafin Ojota.

Sai kwayil. Na ɗora mita a ƙananan ƙafafunsa biyu, ta nuna om 1.5, om kuwa shi ne ma'aunin yadda waya take tauye wuta. Irin wannan kwayil an yi shi ne don motar da ke da rizisto a kan hanyar wutarsa, mai rage masa ƙarfi. Wannan motar ba ta da shi, kwayil ɗin da ya dace da ita wajen om 3 yake nunawa. Lissafin a fili yake: volt 12 a kan om 3 amfiya 4 ne, a kan om 1.5 kuwa amfiya 8. Wato ninki biyu na wutar da aka tsara wa kwantak yake ɗauka, shi ya sa bakinsa ya yi shuɗi-shuɗi ya ƙwarzabe cikin mako biyu, kwayil ɗin kansa kuma yake zafin da tsohon bai taɓa yi ba. Ƙari a kan haka, an juya masa ƙafafu. Tsohon kwayil na Faransa ne, an rubuta BAT a ƙafa ɗaya, RUP a ɗayar, na farko wajen batir, na biyu wajen kwantak. Sabon kuwa alamar tarawa da ta ɗebewa gare shi, aka kai wayar makulli kan ta ɗebewa. Mota tana tashi a haka, shi ya sa ba a lura, amma tartsatsin yana tsallakawa ta baibai a bakin fulogi, yana buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ya tsallaka, sai a ga wahalar tashi da sanyin safiya.

Allah ya sa direban bai yar da tsohon kwayil ba, yana bayan kujera a cikin leda. Na gwada shi, lafiyarsa lau. Na goge shi na mayar.

Yanzu aka zo ga ciwon asali, kuma a nan ne kayan aikin da ya fi kowane araha a akwatina ya yi amfani: ƙaramin kwan fitila mai volt 12 da waya biyu. Ka maƙala ɗaya a ƙafar kwayil mai zuwa distiributa, ɗaya a jikin inji, ka kunna makulli. Idan bakin kwantak yana rufe, kwan ba zai kama ba, domin wutar ta sami hanya mai sauƙi ta kwantak. Idan bakin ya buɗe, kwan zai kama. Ana buga kik, kamata ya yi ya riƙa ƙiftawa. Idan ya kama ya ƙi mutuwa, hanya ta yanke tsakanin kwayil da kwantak, ko bakin ya yi datti. Idan ya ƙi kamawa sam, ko dai wuta ba ta isowa, ko kuma tana zurarewa jikin ƙarfe kafin ta kai ga kwantak. Gwajin ke nan gaba ɗayansa, ba ya cin minti biyar.

Na sa sabon kwantak, na bar bakinsa a rufe, kwan yana mace kamar yadda ya kamata. Sai na kama siririyar wayar da yatsu biyu na fara bin ta ina ɗan lanƙwasawa, tun daga kwayil. Har tsakiya ba komai. Da na zo kamar yatsa uku kafin ƙusar distiributa, kwan ya yi wal. Na saki, ya mutu. Na sake taɓawa, ya kama. Na kira Alhaji, wanda yake zaune a inuwa da carbinsa, na ce, "Baba Alhaji, zo ka gani da idonka." Ya sunkuya, na ba shi wayar ya taɓa da kansa. Ya yi ta lanƙwasa ta yana kallon kwan yana kamawa yana mutuwa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ɗana, wannan ce ta zubar mini da albasa a Ojota?"

Daga waje wayar ba ta da aibi, robarta ba ta ko tsage ba, ta dai yi tauri saboda zafi da shekaru. Da na tsaga ta da reza, silin jan ƙarfen da ke ciki sun koma kore kamar gansakuka, suna marmashewa a yatsa. Duk sun karye, bakunansu ne kawai suke taɓa juna. Iskar Legas tana da hannu a nan. Laima ba ta barin garin, ga gishirin teku, ga ruwan da ke cika tituna daga Afrilu zuwa Yuli. Da zarar ruwa ya sami ƙofa ta bakin waya, sai ya bi tsakanin silin ya shige can ciki, yana ci a ɓoye. Wayar da za ta yi shekaru a Katsina ba ta canja launi ba, a nan damina kaɗan sun ishe ta.

Amma tsatsa ita kaɗai ba ta karya waya a wuri ɗaya. Na lura wayar a miƙe take tsam kamar tsirkiyar baka. A wannan motar kwayil yana ɗaure ne a jikin bodi, distiributa kuma a jikin inji, inji kuwa a kan roba yake zaune, yana rawa. Da alama a can baya duk lokacin da bakin wayar ya ci, sai a datse a sake ɗaurawa, har ta gajarce ba sauran rara. Na sa direban ya riƙe birki, bayan motar ta tashi, ya sa giya ɗaya ya ɗan saki kuloci. Inji ya karkata gefe fiye da kima, domin ɗaya daga cikin robobin da yake zaune a kai ta tsage. Duk tashi da kaya, duk faɗawa rami, sai injin ya fizgi wayar. Ga abin da direban ya faɗa mini tun a kan benci.

Na sa sabuwar waya ta wucin gadi, motar ta tashi bugu ɗaya. Alhaji ya fara shi mini albarka, direban ya fara naɗe igiya. Na ce a dakata, domin akwai abu ɗaya cikin labarin da karyayyar waya ba ta bayyana ba, wato mutuwar bayan gosulo. Na rufe bonet na bar ta tana aiki a tsaye, kamar tana layin Ketu da rana tsaka. Bayan kusan minti 25 na ɗan taka totur, ta ɗauke.

Nan take na maƙala kwan, tun kafin komai ya huce. Wannan karon akasin na farko ya nuna: bakin kwantak a buɗe, kwan kuma a mace. Na cire wayar daga ƙusar distiributa, kwan ya kama. Ke nan wuta tana isowa, a cikin distiributa take zurarewa. Abu biyu ne ke iya yin haka, kwandansa ko ƙusar kanta. Na mayar da waya na cire kwandansa, kwan bai kama ba. Saura ƙusa. Na ɗora bakin sukudireba a kanta na ɗan tura gefe, kwan ya kama.

Na yi alama a inda distiributa yake zaune da inda rota ya nuna, na cire kan batir, na zare shi na kai tebur. Ƙusar nan ba a yarda ta taɓa jikin distiributa ko kaɗan ba, shi ya sa daga masana'anta take zuwa da ɗan zobe mai tauri da ba ya ɗaukar wuta, wanda yake shiga cikin ramin, da wasu faya-faye irinsa ciki da waje. A wannan babu zoben. Wani, wata rana, wataƙila a bakin hanya da dare, ya yanko robar tsohon tib ya naɗe ƙusar ya tura. Dabara ce da ta kai shi gida, ban raina ta ba, amma an manta da ita a wurin shekaru. Baƙin mai ya jiƙa robar ta kumbura ta yi laushi kamar ƙullin tuwo, gefe ɗaya ta cinye har zaren ƙusar ya fito. A bakin ramin akwai ɗan baƙin tabo, bai kai ƙwayar gero biyu ba, inda wuta ta daɗe tana tsallakawa. Da sanyi robar tana da ɗan ƙarfin riƙe ƙusar a tsakiya. Idan zafi ya taru a ƙarƙashin bonet sai ta saki, ƙusar ta kwanta a kan ƙarfe. Kuma abin da ya cinye gefen robar shi ne fizgar wayar nan dai. Gajartar waya ɗaya ta haifi ciwo biyu masu alamu kishiyoyin juna, ɗaya yana yanke hanya, ɗaya yana zubar da wuta.

A nan ne maganar fiya-wata ta warware. Tsohon kwayil bai taɓa yin laifi ba. Buɗe bonet na minti goma yana sa robar ta huce, kuma duk lokacin da direban ya kai hannu ya dafa kwayil yana zuba ruwa, yana motsa wayar ba tare da ya sani ba, karyayyun silin su sake haɗuwa, ƙusar ta ɗaga daga jikin ƙarfe. Hannunsa ne yake tayar da motar, ruwan ya karɓi yabo, kwayil ya karɓi zargi.

Gyaran kansa bai da yawa. Na aiki yarona kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ya samo mataccen distiributa irin wannan, muka ciri zoben da faya-fayensa. Na wanke komai da fetur na bar shi ya bushe, na haɗa, sannan na ɗora mita tsakanin ƙusa da jikin distiributa, bakin kwantak a buɗe, kwandansa a cire: ba ta nuna wata hanya ba, ko da na girgiza ƙusar da ƙarfi. Na yanko sabuwar waya mai sili da yawa, kaurin milimita 1.5, na ƙara mata tsawon taƙi guda a kan tsohuwar don ta yi ɗan lanƙwasa, inji ya yi rawarsa ba tare da ya ja ta ba. Na matse mata kawuna masu zobe, na ɗiga dalma a can bakin kawai. Wannan wurin yana son kula: idan dalma ta bi silin ta hau sama, wayar takan sandare, kuma daidai inda taurin ya ƙare nan za ta karye. Na rufe mahaɗin da robar nan mai tsukewa idan ta ji wuta, don ruwa kada ya sami ƙofa, na ɗaure wayar nesa da bututun hayaƙi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya kai damina biyu a garin nan.

Na saita bakin kwantak a milimita 0.40 da ma'auni, lokacin da kusurwa ta tura shi iyakar buɗewa. Na shafa giris kaɗan, kamar kan ashana, a jikin kusurwoyin. Fulogi na bar su a 0.6. Sai taimin, wato saita lokacin da wuta za ta tashi, kuma dole bayan kwantak yake zuwa, domin duk canjin da ka yi wa bakin yana matsar da lokacin buɗewarsa. 404 tana da wata hikima a nan da nake ƙauna: akwai ɗan rami a jikin gidan kuloci, ka zura sandar ƙarfe mai kaurin milimita 8, ka juya inji a hankali har ta faɗa gurbinta a jikin fulawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan inji. Nan ne daidai inda ake son wuta ta tashi. Sai ka sassauta distiributa ka juya shi kaɗan-kaɗan har kwan gwaji ya kama, ka ɗaure. Na zare sandar na riƙe ta a hannuna kafin in ce a buga kik, domin wanda ya manta ta a ciki ya jawo wa kansa wani aikin. Daga ƙarshe na auna ƙafar kwayil da jikin inji, kwantak a rufe, mita ta tsaya ƙasa da volt 0.2, ina jijjiga waya ba ta motsa ba. Maƙwabcina bakanike ya canja robobin inji duka biyu.

Abin da ya tsaya mini a rai a wannan aikin shi ne, babu ɗaya daga cikin mutum ukun nan da bai san aiki ba. Kowanne ya ji alama ɗaya ya kama, ya sayi abin da ya fi kama da mai laifi. Kuma mu faɗi gaskiya, masu motoci suna da nasu kason. Mutum zai biya kuɗin sabon kwayil ba musu, saboda ya ga kwali, amma ka ce ya biya ka ladan awa biyu da ka yi kana bin waya da kwan fitila, sai ya ce ai ba ka canja komai ba. Wannan ne yake tura mai sana'a ga canje-canje, ga gaggawar bakin titi a Legas inda ba a ba ka minti goma. Sai dai a tsohuwar mota, duk sabon abin da aka ɗaura ba tare da gwaji ba, ƙofa ce ta sabon ciwo, kuma kayan da ta zo da su sau da yawa sun fi waɗanda za a samo mata yau dacewa da ita. Na gaya wa direban abu biyu: kada ya yarda a cire masa wayoyin fulogi sai ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ya bar makulli a kunne inji ba ya aiki, domin idan kwantak ya tsaya a rufe kwayil zai yi ta dahuwa.

Na kawo wa Alhaji shawarar na'urar lantarki da ake sawa a madadin kwantak, wadda ba ta buƙatar saiti. Na faɗa masa amfaninta, na kuma faɗa masa cewa ranar da ta mutu a hanya ba abin da direba zai iya yi mata, alhali kwantak ko da takardar yashi ka goge bakinsa zai kai ka gida. Ya ce, "Bar mini ita yadda na san ta." Ni ma ra'ayina ke nan a kan motar da ke aiki kullum a hannun direba ɗaya.

Ranar Alhamis na bi su Mile 12 da asuba. Aka yi mata lodi, muka kamo hanya. Mun yi kusan awa guda tsakanin Ketu da Ojota, ruwa ya sauko, direban yana ta kallon fuskata duk ramin da muka faɗa. Har muka sauka Pen Cinema ba ta yi ko gyatsa ba. Na haɗa masa kwan gwaji nasa na kansa, na nuna masa inda zai maƙala, na sa kwantak da kwandansa na ajiya a leda cikin akwatin gaba.

Mako shida ke nan tana zirga-zirga. Abu ɗaya ya rage: lokacin da distiributa yake kan tebur na ji sandar tsakiyarsa tana ɗan wasa gefe da gefe, alamar bushin, wato zoben da sandar take juyawa a cikinsa, ya fara ci, kuma idan ya ƙaru bakin kwantak ba zai riƙa tsayawa a saitinsa ba. Na ajiye mataccen da muka samo a Ladipo saboda nasa bushin da sauran ƙarfi. Mun yi da Alhaji zai kawo ta idan ruwa ya ɗan tsagaita a watan Agusta.